Motar kara ta ɗauki bindiga: abin da yaran Adar ke ƙerawa a yau

Da zarar an gama girbi a ƙasar Adar, an ɗaure dammunan hatsi an kai rumbu, sai gonaki su koma hannun dabbobi da yara. Dabbobi su bi kara suna ci, yara kuwa su bi shi suna zaɓen mai kauri da farar totuwa, domin lokacin ƙera motar kara ya zo. Daga unguwannin birnin Tawa har zuwa Takanamat, Afala, Barmu da Tebaram, da wuya ka ratsa gari da marece a wannan lokaci ba ka gamu da ayarin yara suna jan motocinsu da zare ba, ko suna tura su da doguwar sanda, bakinsu na kwaikwayon kukan inji.

Wasa ne da iyaye suka yi, kakanni ma sun yi irin nasu. To amma wanda duk ya tsaya ya dubi motocin nan da kyau zai lura akwai abin da ya sake. A tsakanin kamyo mai ɗauke da buhunan albasa da motar fasinja mai kaya a bisa, yanzu akwai wata wadda ta fi su farin jini, wato katkat mai buɗaɗɗen baya, da doguwar eriya, da taya ta ajiya a gefe, da kuma babbar bindiga kafe a tsakiyar bayanta. Wani yaron ma har ƴan sojoji na yumɓu yake zaunarwa a ciki, kowane da rawaninsa na tsumma. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu duba sana'ar yaran nan, yadda suke yin ta, inda ta dosa, da kuma abin da take gaya mana game da halin da muke ciki.

Yaro madubin hanya

Kafin mota ta shigo ƙasar nan, yaron Adar dokin kara yake hawa, ya kuma gina raƙumi da sa da yumɓun bakin tabki, saboda su ne abin hawa da dukiyar da idonsa ke gani. Da manyan motocin Berliet suka fara ratsa ƙasa, sai totuwa ta zama kamyo. Da aka shimfiɗa kwaltar Tawa zuwa Arlit a ƙarshen shekarun 1970 domin jigilar ma'adinin yuraniyom, yaran bakin hanya suka koma yin tirela mai tayoyi da yawa, da tankar mai, da motocin kamfanin SNTN. Waɗanda suka yi ƙuruciya a shekarun 1980 ba su manta da Peugeot 404 da ake kira bashe ba, haka kuma ba su manta da motocin tseren Paris-Dakar masu lambobi a jiki ba, waɗanda suka riƙa ratsa Agadas da Tawa da ƙura a bayansu. A shekarun 2000 kuwa manyan motocin fasinja irin na Rimbo suka karɓi fage.

Ke nan abin da ya bi hanya shi yaro ke ƙerawa. Ba ya karanta jarida, ba ya zama wurin hirar manya, amma idonsa ba ya kuskure. In kana son sanin motar da ta fi yawan wucewa ta wani gari, ko wadda ta fi kwarjini a idon mutanensa, ba sai ka tambayi ƴan tasha ba, dubi abin da yaran garin ke ja a ƙasa.

Yadda ake ƙera ta

Motocin yara iri uku ne, kuma kowane iri da shekarun masu yin sa. Ƙanana da motar kara suke farawa. Ana feƙe ɓawon karan dawa a tsattsaga shi siri-siri, shi ne ke zama ƙusa da sanduna, ita kuma totuwar ciki a yanka ta gunduwa-gunduwa a jera. Inda ake son haɗi mai ƙarfi sai a soka ƙayar aduwa. Tayoyi kuwa daga sakaina ake fafe su, a goga gefensu a kan dutse har su yi kewaye sosai, a huda tsakiya da ƙusa mai zafi. Motar kara ba ta da nauyi, ba ta cin ko dala, amma ba ta daɗewa: kwana biyu ko uku, in akuya ba ta cinye ta ba, ƙane zai taka ta.

Daga nan sai motar langa-langa, wadda ake yi da gwangwanin tumatir, na madara, na sardin ko na man girki. A nan aikin ya fara zama na maƙera. Sai an buɗe gwangwani an buge shi ya miƙe, a zana jikin motar da ƙusa, a yanka da tsohon almakashi, sannan a naɗe bakin kowane yanki don kada ya yanki hannu. Babu walda, babu gam. Ana barin ƴan kunnuwa a gefen yanki, a zura su cikin tsagar ɗayan a lanƙwasa. Tayoyin sukan fito daga murfin kwalba ko daga tsohon silifa da aka yanka da wuƙa, gatarinsu kuma silin keke ne da ke juyawa a cikin bututun biro.

Ta uku ita ce motar waya, ta manyan yara, wadda ake lanƙwasa ƙirarta duka da wayar ƙarfe, a ɗaure mahaɗai da robar tsohon tiyub. Gwanintar wannan tana ga sitiyari. Doguwar waya ce ke tashi daga gatarin gaba har zuwa ƙugun yaro, da kewayayyen kai, ta yadda in ya murɗa hagu tayoyin gaba su bi hagu. Akwai masu sa mata sifirin na waya domin ta riƙa lilo a kan gargada, akwai kuma masu haɗa mata fitila da ƙwan tocila da tsohon batir.

Motar soja tana buƙatar ƙarin aiki a kan wannan duka, kuma a nan ne ake gane gwani. Bututun biro ko guntun eriyar rediyo shi ne bakin bindiga, a ɗora shi a kan murfin kwalba domin ya riƙa juyawa ko'ina. Kwalin ashana ya zama akwatin harsashi, ƴan gutsattsarin silifa su zama jarkokin mai da na ruwa, tsohon gidan sauro ya zama ragar da ake lulluɓe mota da ita. Sai fenti: jar ƙasa da toka da gawayi, a kwaɓa da ɗan ƙaro a shafa dabbare-dabbare. A ƙarshe yaro ya watsa mata ƙura da gangan, saboda ya san motar da ta fito daji ba ta sheƙi.

Su ma Turawa suna yi, har da furfurarsu

Mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa abin nan da muke kora yara a kansa, a Turai da Amurka da Japan manyan mutane ne ke yin sa, har da likitoci da tsofaffin sojoji, suna da ƙungiyoyi da mujallu da gasa ta shekara-shekara. Kamfanoni irin su Airfix na Ingila, Heller na Faransa da Tamiya na Japan suna sayar da ƙananan motocin yaƙi na roba a cikin kwali, a wargaje, wani lokaci guntaye ɗaruruwa, mai saye ya zauna ya haɗa su da gam, ya yi masu fenti, ya sa masu tsatsa da taɓo da ƙura kamar yanzu suka fito fagen daga. Wani yakan yi watanni a kan tankar yaƙi guda.

Abin da suka fi ba muhimmanci shi ne awo. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa ga motocin yaƙi shi ne 1/35, ma'ana kowane santimita 35 na motar gaske ya koma santimita 1. Ƙaramar motar nan Jeep ta sojojin Amurka, wadda aka ƙera fiye da 600.000 a lokacin yaƙin duniya na biyu, tsawonta mita 3 da santimita 36 ne, don haka a wannan ma'auni ba ta cika santimita 10 ba. Toyota Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, mai tsawon mita 5 da ƴan kai, takan tashi wajen santimita 15.

Yadda aka samo ma'aunin kansa abin sha'awa ne. A farkon shekarun 1960 kamfanin Tamiya ya so ya yi ƙaramar tankar Jamus mai suna Panther wadda za ta yi tafiya da batir. Sai suka yi jikinta daidai yadda batir biyu za su shiga ciki, daga baya da aka auna aka tarar ta faɗa a kan kashi ɗaya cikin 35 na ta gaske, aka ci gaba da haka har sauran kamfanoni suka bi. To haka yaron Takanamat yake yi ba tare da ya sani ba. Shi daga taya yake farawa: in murfin kwalba ya samu, girman murfin ne zai yanke masa tsawon motar, in kuma silifa ya yanka mai faɗi, dole jikin ya ƙaru. Tayar Land Cruiser faɗinta wajen santimita 80 ne, wato tsawon motar ya ninka faɗin tayar sau shida da rabi. Yaron da ya ƙware da ido yake kama wannan lissafi, in ya kuskure kuma abokansa ne za su fara yi masa dariya, su ce motarsa ta yi kama da jaki mai gajerun ƙafafu.

An taɓa yin lokacin da wata gwamnati ta nemi taimakon irin waɗannan hannuwa. A shekarar 1942 sojojin ruwan Amurka sun buƙaci ƴan makarantun sakandare su sassaƙa ƙananan jiragen sama 500.000 da katako a ma'aunin 1/72, a shafa masu baƙin fenti, domin a koya wa sojoji bambanta jirgin aboki da na maƙiyi tun daga nesa.

Motocin hamadarmu a kwalin Turawa

Daga cikin motocin da masu wannan sha'awa ke so akwai waɗanda tarihinsu ya shafi yankinmu. A yaƙin duniya na biyu, rundunar Leclerc ta Faransa, wadda akasarin dakarunta ƴan Afirka ne, ta taso daga Cadi a cikin motocin ɗaukar kaya ta ratsa hamada, ta karɓe Kufra ta ƙasar Libiya daga hannun Italiya a ranar 1 ga Maris 1941. Ingilishi ma suna da wata ƙaramar runduna ta sintirin hamada da ke amfani da motocin Chevrolet marasa rufi, maƙare da jarkoki da bindigogi, kuma kamfanin Tamiya ya yi irinsu na roba.

Ita kuwa katkat mai bindiga, a Cadi ta yi suna. A shekarar 1987 sojojin Cadi a ƙarƙashin Hassan Djamous, da motocin Toyota kimanin 400 da makaman harbo tanka da Faransa ta ba su, suka fatattaki tankokin Libiya a Fada cikin watan Janairu, sannan a Wadi Dum cikin watan Maris. Saurin motar da sanin ƙasa suka rinjayi nauyin ƙarfe, har duniya ta sa wa wannan karo suna yaƙin Toyota. Tun daga nan wannan mota ta zama dokin yaƙin Sahel, soja na hawa, ɗan tawaye na hawa. Kamfanin Meng na ƙasar Sin ma ya fitar da irinta ta roba a ma'aunin 1/35, da bindigarta a baya. Bature yana sayen ta a kanti ya duba hotuna ya haɗa. Yaronmu kuwa ba ya buƙatar hoto, don ta gaban gidansu take wucewa.

Abin da idon yaro ya gani

A nan ne wasan ya daina ba da dariya. Arewacin jahar Tawa ya daɗe da sanin ƙarar bindiga. Rikicin Cintabaradan na watan Mayu 1990 shi ya buɗe ƙofar tawayen da aka rufe da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, ranar da ta zama ta haɗin kan ƴan ƙasa, kuma a ranar 25 ga Satumba 2000 aka ƙone makamai a Agadas domin shaida cewa an ajiye yaƙi. Tawaye ya sake tashi daga 2007 zuwa 2009. Bayan rushewar tsaro a arewacin Mali a 2012 sai wata sabuwar masifa ta shigo. A ranar 6 ga Oktoba 2016 an kashe jami'an tsaro 22 a Tazalit. A watan Maris 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a gundumomin Tilliya da Tasara. A ranar 21 ga Maris 2021 ƴan bindiga suka kashe mutum 137 a Intazayan, Bakorat da Wistan cikin gundumar Tilliya. A farkon Oktoba 2023 kuma sojoji 29 suka rasa rayukansu a kusa da Tabatol, har aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya.

Takanamat tana bakin wannan yanki, inda gonakin Adar ke ƙarewa ƙasar makiyaya ta fara. Yaron da aka haifa a 2012 ya tashi yana ganin ayarin sojoji na wucewa arewa, yana ganin baƙin da suka gudo daga garuruwansu, yana jin manya na rage murya in ana wata magana. Abin da bakinsa bai iya faɗi ba, hannunsa ke faɗi da gwangwani. Ga wani yaron, motar sojan nan ta babansa ce ko ta yayansa da ke bakin daga, yana ƙera ta ne da alfahari da kuma kewa. Ga wani kuwa tsoro ne yake mayarwa ƙarami, ya ɗaura masa zare ya ja shi inda yake so. Shi ya sa kafin uba ya tattake motar ɗansa, ya kamata ya tambaye shi: su wa ke cikin motar nan, ina kuma za su? Amsar za ta gaya masa abin da ke cikin zuciyar yaron, da ma wanda yaron ke ɗauka gwarzo.

Haɗarin tsintar ƙarfe

Akwai haɗari na kusa wanda bai kamata a yi sakaci da shi ba. Mai ƙera mota kullum idonsa na ƙasa, yana neman waya, batir, gwangwani da duk wani ƙarfe mai sheƙi. To su waɗannan kayan su ne kuma ake haɗa bam ɗin gargajiya da su, wanda ake binnewa a kan hanyoyi. Mutanen Tawa ba su manta ba, a watan Disamba 2007 nakiya ta tashi a cikin gari, rana ɗaya da ta Maraɗi. A wuraren da aka yi artabu kuma akan bar harsashi da gurneti da ba su fashe ba, waɗanda ke iya kwana shekaru cikin rairayi suna jiran hannun da zai taɓa su.

Saboda haka wajibi ne iyaye da malaman lakol da na allo su riƙa nanata wa yara ƙa'ida guda: ƙarfen da ba ka san shi ba, ko waya da ta fito daga cikin ƙasa, ko jarka da aka yar a bakin hanya, kada ka taɓa, kada ka jefe shi da dutse, kada ka sa shi a wuta. Ka ja da baya ta inda ka zo, ka gaya wa babba, shi kuma ya sanar da mai gari ko jami'an tsaro. Kayan ƙira a nemo su a gida, ko wurin mai shayi, mai gyaran keke da mai gyaran rediyo. Haka nan a hana yara fasa tsohon batir don ɗibar baƙin garin ciki su yi fenti, domin guba ne. Gawayi ya wadatar.

A hana su, ko a ja su a jiki?

Iyaye da yawa suna ganin ƙera mota ɓata lokaci ne, yaro ya bar kiwo ko karatu ya zauna yana yanke hannu da gwangwani. Da bindiga ta hau motar kuwa sai ƙyamar ta ƙaru, wasu na ganin kamar kiran fitina ne. Damuwarsu tana da hujja. Sai dai hani ba ya goge abin da ido ya riga ya gani, kuma yaron da aka kora daga zaure zai koma bayan gari ne, can inda haɗarin ya fi yawa.

Abin da ke hannun yaran nan ilimi ne da ake biyan kuɗi a koya. Wanda ya iya buɗe gwangwani ya zana, ya yanka, ya naɗe, ya riga ya fara aikin maƙerin kwano. Wanda ya haɗa sitiyari mai juya tayoyi ya fahimci abin da makanike ke gyarawa. Wanda ya kama daidaiton taya da jiki ya taɓa lissafin da ke ba ƴan aji shida wuya. Malamin da ya shigo da motar waya cikin aji, ya ba yara ma'auni su auna motar magajin gari ko ta likita, su raba da 20 ko da 35, su ƙera ta daidai, zai koyar da rabawa da awo cikin mako guda ba tare da bulala ba. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM da ke cikin ƙananan hukumomi, da makarantun fasaha, da jami'ar Tawa, duk suna iya samun ɗalibansu na gobe a cikin waɗannan yara, in har akwai mai zuwa ya dube su.

Misali yana nan kusa da mu. Jelani Aliyu, wanda ya tashi a Sakkwato, da zanen motoci ya fara tun yana yaro. Ya yi karatu a Birnin Kabi, jaharsa ta ba shi tallafi ya tafi Detroit ta Amurka, ya gama a 1994 ya shiga kamfanin General Motors, kuma shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. Daga baya, a 2017, aka ba shi shugabancin hukumar da ke kula da ƙirar motoci ta Najeriya. Tsakanin Sakkwato da Tawa ba wata tafiya ba ce mai nisa, kuma yaran can ba su fi na nan kai ba. Shi dai ya samu waɗanda suka ga zanensa suka ɗauke shi da muhimmanci.

Ba sai an jira kuɗin waje ba. Ƙaramar hukuma, ko gidan rediyon gari, ko ƙungiyar iyayen yara, tana iya shirya gasar ƙera motoci bayan girbi ko ranar 24 ga Afrilu, da kyautar littafi da filaya da almakashi. A sa rukunin motar asibiti, da tankar ruwa, da tarakta, da kamyon albasa, a bar rukunin motar soja shi ma, tunda ƴaƴanmu ne ke cikinta. A gayyato maƙera da makanikai da masu walda su zama alƙalai, kowane ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu ya koya masu aiki lokacin hutu. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sauran aikin kuma na manya ne. Yara ba su suka zaɓi motar da ke bin hanyar Takanamat ba, gani suka yi suka kwaikwaya. Ranar da kamyon hatsi da motar fasinja da ta masu rigakafi suka fi ayarin yaƙi yawa a kan hanyoyin arewa, babu wanda zai ce wa yaro ya cire bindiga daga motarsa, da kansa zai cire ta ya ɗora buhu. Allah ya kawo mana wannan rana, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.